Injin tari ba turmi ba ne

A layinmu na Takur babu abin da ba a aro. Turmi, rariya, tukunyar biki, dutsen guga, har mayafin fita unguwa. Ni ma na ara, an kuma ara a wurina, ban taɓa ganin laifin hakan ba. Mace ta ce miki babu alhali kina kallon abin a rataye, to ta gama zubar da mutuncinta a layin. Haka na tashi na gani a Ringim, haka na tarar a Dutse da aka kawo ni.

'Yata ta uku ita ce mai ciwon. Tun tana goye in na sumbaci goshinta sai in ji gishiri a leɓena. Ga ci, ga rama, ga tarin da bai san rani ba bai san damina ba. Sai da ta shekara huɗu wata likitar yara a wani babban asibiti a Kano ta sa aka auna guminta. Da ta faɗi sunan ciwon na roƙe ta ta maimaita a hankali, na rubuta a bayan littafina na makarantar yaƙi da jahilci: sistik faiburosis. Ta ce gado ne, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake fitowa a jikin yaro.

Da muka dawo gida na faɗa wa surukata, ta ce, “To, daga ɓangarenku ne. Mu dai ba mu da shi.” Surukar nan tawa yayar mahaifina ce, ciki ɗaya suka fito, Gwaggo nake ce mata tun ban san aure ba. Har yau ban gane wane ɓangaren take nufi ba. Na dai ce, “Allah Ya kyauta, Gwaggo.”

Abin da likitar ta fi jan kunnena a kai shi ne ƙwayoyin cuta. Ta ce majinar ƙirjin yarinyar kauri gare ta kamar ƙaro, ba ta fitowa da kanta, ƙwayoyi kuwa nan suke samun wurin zama. Duk lokacin da suka taso sai sun bar tabo a huhu, tabon huhu kuma ba ya gogewa. A cikinsu akwai wata mai son danshi, tana zama a ruwan da ya kwana da robar da ba ta bushe ba. Mai lafiya ba ta cika damunsa ba. Amma in ta shiga ƙirji irin na 'yata ta zauna, fitar da ita wuya. Likitar ta ce, “Maman yarinya, aikinki ki jinkirta zuwanta iya ƙarfinki.”

Saboda haka aka haɗa mu da wani ɗan inji da ake jona wa wuta. Yana da siririn tiyo da ɗan kofi da robar da ke rufe hanci da baki. A zuba magani a kofin, injin ya mai da shi hazo, yarinya ta shaƙa, sannan in kifa ta a cinyata in bubbuga bayanta da tafin hannu har majinar ta taso. Safe da yamma. In an gama in tafasa kofin da robar, in shanya su a kan tsumma mai tsabta har su bushe ƙayau. Kuma na mutum ɗaya ne, likitar ta faɗa sau uku.

Matan layi suka sa masa suna injin tari. Kowacce ta shigo sai ta tsaya a kansa, kowacce kuma likita ce. Wannan ta ce a kai ta wurin wanzami ya cire mata beli, waccan ta ce sirace da ganyen darbejiya, wata ta leƙo ta katanga ta ce ina dukan marar lafiya. Maƙwabciyata ta jikin katanga, wadda muke ce wa Maman 'yan biyu, ita ce shugabarsu. Ba ta taɓa kai yaro rigakafi ba tare da an yi rigima ba, amma ilimin huhu a bakinta yake.

Shekara biyu ina kan wannan aiki, duk gwajin majinar da aka yi ƙwayar nan ba ta fito ba. Yarinya ta yi kumari, ta shiga makaranta, har tana bin yayyenta su hau dutsen da ke bayan unguwa.

Sai mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a Ringim, aka aiko in je. Kwana biyar na yi. Kafin in tafi na zaunar da Gwaggo na nuna mata komai daki-daki, na ware tukunyar tafasawa, na ce, “Gwaggo, don Allah kada kowa ya taɓa injin nan.” Ta ce, “Ni za ki koya wa reno? Mijin naki wa ya rene shi?” Maigida kuwa yana Miga wurin aiki, sai ƙarshen mako yake dawowa.

Ranar da na dawo da la'asar, tun daga zaure na hango robar hancin a cikin kwanon wanke-wanke kusa da randa, tana iyo tare da ludayi. Na ɗaga kofin na sansana, sai warin tafarnuwa da man zafi.

Na ce, “Gwaggo, me ya sami injin?”

Ta ce, “Lada ya samo miki. Maman 'yan biyu ce ta aiko, surukinta tsohon nan tari ya hana shi sakat. Daga can aka wuce da shi gidan mai gyaran babur, jikarsu na mura. Ina jin har gidan Hajiya mai ƙosai ya je. Amma kullum ana dawo da shi kafin magariba, yarinyarki ba ta rasa ko sau ɗaya ba.”

“An tafasa, Gwaggo?”

“An ɗauraye. Ke komai sai tafasawa, kamar mai jego.”

Wato kwana huɗu injin yana zaga gari kamar faifan biki, kowa ya zuba abin da ransa ya ba shi, ya yi tarinsa a ciki, a tsoma a ruwan da ya kwana, sannan a kifa shi a fuskar 'yata da danshinsa. Kuma abin da Gwaggo take alfahari da shi shi ne ba a makara ba.

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba. Na ce, “Gwaggo, likita ta ce na mutum ɗaya ne.”

Ta ce, “Likita a Kano take, mu a nan muke zaune da mutane. Gidan da ake aron turmi a ce an hana abin numfashi? Da wane ido zan kalli matar nan?”

Da wane ido. Ita damuwarta ke nan.

Na jefar da robar da kofin da tiyon, na sa aka kawo sababbi. Bayan kamar mako uku tarin ya sauya murya. Uwa ta san muryar tarin ɗanta. Majinar da take fitowa fara ta koma koriya, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, abinci ya fita ranta. Muka koma Kano. Aka kai majina ɗakin gwaji, bayan 'yan kwanaki likitar ta kira ni ta ce ƙwayar ce. Na ba ta labarin duka. Ta ce ba za ta iya rantsewa daga ina ta shigo ba, don ko a ruwan gida ana samunta, amma jiƙaƙƙiyar roba ƙofa ce a buɗe. Ta fi ni adalci. Ni shekara biyu na tsare ƙofar nan.

Mako biyu muka yi a gadon asibiti ana yi mata allura ta jijiya, har aka rasa inda za a soka a hannu aka koma ƙafa. Muka dawo da wani maganin shaƙa na musamman. Gwajin farko ƙwayar ta ɓuya, na yi sadaka. Na biyu ta dawo. Na uku ma tana nan. Likitar ta ɗaga hoton ƙirjin a gaban fitila ta nuna mini wasu farare-farare a sama ta dama, ta ce waɗannan sun zauna ke nan, abin da ya rage mu tsare sauran.

Matan layi sun zo sannu da zuwa, kwano-kwano. Maman 'yan biyu ta kawo kunun gyaɗa, ta zauna a bakin katifa ta kalli yarinya ta ce, “Ni fa tun farko injin nan bai kwanta mini ba. Ko Baba surukina da ya shaƙa bai ji wani daɗi ba.” Na ce, “Allah sarki.” Gwaggo ta ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Sai dai ban taɓa jin ƙaddara ta ɗauki inji ta tsallaka da shi kwata zuwa gida uku ba.

Na sa maƙeri ya yi wa akwatin aurena sabon kwaɗo, injin ya koma ciki, makullin kuma a wuyana tare da na ɗaki. Ba a yi wata biyu ba, da sanyi ya shigo, Maman 'yan biyu ta yi sallama da hantsi, ta gaisa, ta tambayi mai jiki, sannan ta ce, “Dama Baba ne tarin ya motsa. Na ce ko za ki taimaka mana da injin, zuwa azahar.”

Na ce, “Maman 'yan biyu, ki yi haƙuri, ba zan bayar ba. Ku kai Baba asibiti a duba shi.”

Ta ce, “Babu ne?”

Na ce, “Akwai. Ba zan bayar ba ne.”

Ta juya ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalli ƙasa. Daga ranar na zama marowaciyar layi. An yi suna biyu ba a aiko mini goro ba, tukunyar bikina kuma ta huta, har ƙura ta yi.

Yarinyar yanzu shekararta tara. Tana zuwa makaranta, ta fi ni iya karatu, ita ke duba mini rubutu. Dutsen bayan unguwa ne dai ta daina kaiwa ƙarshensa; a rabi take zama ta jira yayyenta su sauko. Kwanaki wata baƙuwar amarya da ba ta san tarihin ba ta yi sallama ina tsakiyar tafasa robar, ta ce an ce mata gidan nan akwai injin tari. Kafin in juyo na ji yarinyar ta amsa daga kan tabarma, tana tari tana magana.

Ta ce, “Anti, wannan nawa ne ni kaɗai. In turmi kike so, ga shi can.”