Manzo, Direban da Ba a Kunna Sigari a Motarsa

Da an sallame sallar asuba, Manzo zai jawo tsohuwar Hiyas ɗinsa zuwa tasha a Tasawa, ya duba ruwa da mai, ya kakkaɓe kujeru. Kafin ya tayar da mota sai ya juyo ya dubi fasinja: "Jama'a, mai goro ya ci goronai. Amma sigari, ba cikin motar ga ba." Fiye da shekara ashirin yana wannan magana a hanyar Urafane da Mayahi, har 'yan tasha suka laƙaba masa "Liman" don ba'a.

Abin haushi, ba shi ya ƙago dokar ba. Hukuma ta daɗe da hana shan taba a motar haya da duk inda jama'a ke taruwa. Amma je ka gani! Ƙato zai zauna tsakanin mai ciki da tsoho mai tari yana busa musu hayaƙi, wanda ya kamata ya tsawata kuwa tasa na rataye a leɓe.

Wata ranar kasuwar Urafane, cikin damina, Manzo ya ɗauko wata mata mai suna Mariama da ɗiyarta Raihana, wadda fuka ta tasar wa, za su asibiti. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, gilasai duk a rufe. A kujerar gaba akwai Alhaji Maiwada, dillalin shanu, surukin wani babba a tasha. Ba a yi nisa ba ya ƙyasta ashana ya kunna sigari. Nan da nan ƙirjin yarinyar ya fara ƙugi, uwar ta rufe mata fuska da gefen mayafi.

Manzo ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri a kashe ta. Akwai marar lafiya."

"Tuƙi aka ce ka yi, ba wa'azi ba."

Manzo ya gangara gefen hanya, ya kashe mota, ya zare makulli.

"Ko ka kashe sigarin, ko ka sauka."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani, Alhaji. Ita wagga yarinya ce ba ta sani ba, numfashi kawai take nema."

Mota cike maƙil da maza, amma babu wanda ya goyi bayan Manzo. Wani ma cewa ya yi, "Haba Manzo, kara guda ne, mu tai!" Manzo ya fita cikin ruwan, ya zagaya, ya buɗe ƙofar Alhaji ya tsaya yana jiƙewa. Sai da Alhaji ya jefar da sigarin cikin taɓo, yana zagi, sannan aka kama hanya.

Raihana ta kai asibiti da ranta. Yanzu tana lakwal tana karatu. Shi kuwa Manzo, kashegari aka cire motarsa daga layi, wai ya wulaƙanta babban mutum. Ya yi wajen wata guda yana kallon wasu na lodi, iyalinsa na cin tuwo ba miya. Aka aiko masa ya je ya ba Alhaji haƙuri. Ya ce, "Wa na ɓata wa huhu?" Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, Mariama kaɗai ta zo tasha ta yi shaida.

Kai ne, Manzo, ka riƙe dokar da masu ita suka yar. Kai ne katangar da ta shiga tsakanin hayaƙi da jarirai, ba albashi, ba kaki, ba ko sannu.

Bana idonsa ya raunana, ya ajiye tuƙi ya koma gida Kona. Ba a yi taro ba, ba a ba shi ko takardar yabo ba. Da na je gaishe shi, bai yi ƙorafi ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Wanda ya karɓi motar, yana hanawa?" Na sunkuyar da kai, don a motar na zo, kuma tun daga Tasawa ake ta busa hayaƙi.

Mun gode, Baba Manzo. Allah ya ƙara lafiya, ya saka maka da alheri. Mu kuma da muka saba haɗiye hayaƙin wani muna yaƙe, kunya ta ishe mu haka. Gobe in an ƙyasta ashana kusa da ɗanka ko ɗan wani, buɗe baki ka ce a kashe. Tsohon nan yana Kona yana jiran amsa.