Golan Togo a Ɗakin Ƙarshe

Ranar Asabar ta farko bayan an ba mu dogon hutu, a shekarar da na gama aji huɗu na firamare, ina tsugunne a bakin magudanar gidanmu na Damilu ina goge tukunyar tuwo da toka, sai wani dogon mutum ya yi sallama ya shigo yana ɗingishi, mai amalanke na biye da shi da akwatin ƙarfe shuɗi. Ruwan safe bai daɗe da ɗaukewa ba, tsakar gida duk caɓi. Goggo Dija, mai gidan da muke haya, ta buɗe masa ɗakin ƙarshe na kusa da rijiya. Ya ce sunansa Kosi, daga Togo ya zo, sana'arsa shimfiɗa tayil, wani gini ne a unguwar Karewa ya kawo shi. Bai gama shigar da kaya ba ya ƙara da cewa shi tsohon golan ƙasarsu ne. Matan gidan suka dubi juna. Mamata ta bari ya shige ɗaki, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Golan ƙasa guda, da siminti a farce?"

Mu mutanen wajen Ganye ne, aikin akawu a sakatariya ya kawo Babana Jimeta. A gidan nan na ɗakuna bakwai kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Da safe ni ke jan ruwa in cika randuna, in share gaban ɗakinmu, in kai niƙa inji, in dawo in tsinke zogale. Idan Goggo Dija ta ga na samu sarari, sai ta tura ni gonar masararta ta bayan gida in kori awakin maƙwabta. A bayan gonar ne filinmu yake, mai tsakuwa da ƙaya, inda yayana Hamma Bitrus da abokansa ke buga ƙwallon roba da aka ɗinke da zare sau babu adadi. 'Yan mata sa'o'ina suna can suna carafke da 'yar gala-gala, ni kuwa ina tsakanin duwatsu biyu, domin babu namijin da ke yarda ya tsaya gola, kuma da sharaɗin tsayawa kaɗai suke bari in shiga.

Kosi ya fara zuwa filin bayan la'asar idan ya taso aiki. Kwanakin farko zama yake a kan bulo ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, yana kallonmu. Daga baya ya fara gyara mana tsayuwa da Hausarsa ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. "Yarinya, kar ka jira shi a layi, fito ka rage masa hanya," haka yake ce mini. Idan mun gaji sai ya ba mu labarin ƙungiyar ƙasarsu. Ya ce ƙasar siririya ce, a zamaninsu kuma babu wanda ƙwallo kaɗai ke ciyar da shi. Mai buga musu gefen hagu malamin firamare ne, sai hedimasta ya sa hannu yake samun zuwa atisaye. Mai tsaron bayansu ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ƙirjinsa kamar ƙofar shago. Kyaftin ɗinsu soja ne da ba ya dariya sai in an ci su. Ya ce manyan ƙasashe sukan lallasa su, su wanke rigunansu da hannunsu, su shanya, su sake fitowa. Na je na buɗe taswirar da ke bayan littafin Bitrus, na tarar da Togo ɗin ta matse har sunanta bai samu wurin zama a cikinta ba, sai a kan teku aka rubuta shi.

Ina son labaran, amma ni ce na fara lura da inda ba su haɗuwa. Wasan da ya ce an buga cikin ruwan sama, bayan mako biyu ya zama na tsakar rana. Yakan faɗi yadda kowa ya buga, amma bai taɓa faɗin ƙwallo ɗaya da shi ya kama ba. Bai kuma taɓa tsayawa tsakanin duwatsun nan ya nuna mini da hannunsa ba, kullum da baki ne. Wata rana Bitrus ya shammace shi da gangan ya doka masa ƙwallo, sai ya kauce kamar kowane tsoho. Akwatinsa kuwa kullum da kwaɗo biyu. Sannan ya ɓullo da wani sabon abu: ya jera mu jikin katanga, ya ciro tef ɗin awon tayil, ya auna tsawonmu da na hannuwanmu, ya rubuta a wani baƙin littafi. A daminar nan ana ta raɗe-raɗi a Jimeta cewa akwai masu yaudarar yara da sunan kai su waje buga ƙwallo, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Babu wanda ya san gidan da aka yi wa haka, amma kowa ya ji a bakin wani. A bakin rijiya mata suka riƙa yin shiru idan ya fito da bokiti. Mama ta ce mana, "In ya ba ku ko alewa ce, ku kawo in gani."

Wata safiyar Talata Goggo Dija ta aike ni in ɗauko kwanon da ta zuba wa Kosi ɗanwake. Ya fita sayen sabulu, ƙofar a sakaye. Littafin na kan tabarma. Na buɗe. Ga sunayenmu a jere, kowanne da lambobi da wasu kalmomi na Faransanci. Nawa sunan, Rahila, shi kaɗai aka zagaye da jan biro, har sau biyu. Na saki kwanon ya faɗi, na ruga wurin Mama ina kuka ina cewa ni zai fara ɗauka.

Kafin azahar magana ta cika unguwa. Aka aika sakatariya aka kira Baba. Da la'asar aka taru a gindin mangwaron ƙofar Jauro, mai unguwarmu, samari wasu da gorori a hannu. Aka ɗauko akwatin aka dire a tsakiya, aka zaunar da Kosi a ƙasa da kayan aikinsa a jiki. Jauro ya sa aka kira Malam Yakubu, wanda ke koyar da Faransanci a sakandaren 'yan mata. Sannan ya dube ni ya ce, "Tashi, ɗiyata, faɗi abin da idonki ya gani, ban da abin da kika ji." Na faɗa, ban yarda na kalli gefen da Kosi yake ba.

Shi da kansa ya buɗe kwaɗo biyun. A ciki akwai kayan sawa, da wata rigar ƙwallo da ta koɗe, da safar hannu ta gola mai faci a tafi, da guntun jarida mai hoto wanda ya yi ja don tsufa. Malam Yakubu ya gyara tabarau ya karanta sunaye goma sha ɗaya da ke ƙarƙashin hoton. Da ya zo kan gola, ba sunan Kosi ba ne. Wurin ya ɗauki guna-guni, wani saurayi ya matso. Sai Kosi ya miƙa yatsa ya ɗora a can gefen hoton, inda wani mutum ke tsugunne cikin rigar sanyi, an yanke rabin fuskarsa. "Ni ne wannan," in ji shi. "Gola na biyu." Ya ce shekaru ya yi yana bin su yana zama a benci, golan farko ko mura ba ta kama shi. Da ranar ta zo aka ce shi zai tsaya, saura kwana uku gwiwarsa ta goce a wurin atisaye, ba ta sake komawa daidai ba. "Ban shiga ko minti ɗaya ba, Jauro. Amma na sa riga, na rera taken ƙasa. Kunya ne ya sa ban faɗa wa yara sauran ba."

Jauro ya ce a karanta littafin. Malam Yakubu ya bi layi-layi: lambobin tsawo ne, kalmomin kuwa halin wasan kowa. Gaban sunan Bitrus an rubuta yana da gudu, ba shi da haƙuri, har mutane suka yi dariya. Da ya iso sunan da aka zagaye, ya ɗan tsaya, sannan ya fassara: "Ba ta rufe ido idan ƙwallo ta taho. Wannan gola ce." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jauro ya yanke cewa bai ga laifi ba, amma don zaman lafiya baƙo ya fita harkar yaran mutane. Samari suka watse suna jan gorori. Ba kowa ne ya gamsu ba. A hanyar gida Mama ta ce rabin fuska ai ta kowa ce, kuma riga ana sayenta a gwanjo. Baba kuwa daga ranar shi ke fara gaishe da Kosi.

Kosi ya zauna da mu har ginin Karewa ya ƙare. Bai sake taka filin ba, ni ma na koma carafke, Bitrus ya yi kwanaki ba ya yi mini magana. Sau ɗaya muka haɗu da Kosi mu biyu a bakin rijiya, na rasa inda zan sa kaina. Ya karɓi gugar ya ja mini ruwa ya cika bokitina, ya ce, "Ka yi daidai da ka gaya wa Mama. Yaro in ya ga abin tsoro, ya faɗa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Bayan an koma makaranta na dawo wata rana na tarar da ɗakin a share, Goggo Dija tana shanya gyaɗa a ciki.

Yanzu filin nan shaguna ne, ɗaya daga cikinsu gidan kallon ƙwallo, inda yara ke jero sunayen 'yan wasan Turai har da na benci. Kwanan baya na sa ɗana ya bincika mini tsoffin 'yan wasan Togo a wayarsa. Muka bi sunaye har idona ya gaji. Na zamanin da kaɗan ne aka rubuta, su ma waɗanda suka shiga fili ne, babu wanda ya damu da mai zaman jira. A da ba mu da inda za mu duba, sai muka yi zato. Yau ga wurin dubawa a tafin hannu, shi kuma ba ya ciki. Har yanzu ba zan iya rantsewa cewa shi ne a hoton nan ba. Na dai so a ce na tambaye shi kafin in ruga.