Gayyar Bakin Tafki

Da sassafe na fita da tulu, raɓa na jiƙa mini bakin zane. Hatsi ya fi mutum tsawo. Hankalina ba ya kan ruwa, yana kan Sallau, makaɗin gangar noma na garinmu, wanda aka sa ranar aurenmu da shi bayan kaka. Na tarar da shi gindin gawo yana ɗaure igiyoyin gangarsa.

"Zuwaira, yau za ki ɗanɗani kiɗan bikinki," in ji shi.

"Ka dai rage wa bikin sauran hannu," na ce, na wuce ina murmushi ni kaɗai.

Ƙauyenmu yana gabas da Waca, a bakin tafki. Bara wasu baƙi suka zo da katafila suka fasa tudun bayan gari, suna haƙar wani farin dutse. An ce da shi ake batirin motocin da ba su shan mai, can ƙasashen waje. Da magani suke wanke dutsen, kuma suka ja magudana ta zuba a tafkinmu. Ruwan ya koma shuɗi garau. Ni har sha'awa ya ba ni. Sai kwaɗi suka daina kuka. Shanun Baffa suka kumbura suka mutu. Fatar hannun Inna ta riƙa saɓulewa. Maigari ya kai kuka har ya gaji. Dattawa suka ce a kira gayya a cike magudanar. Yau ce ranar.

A wurinmu ba a gayya ba ganga. Maza suka fito da fartanya da felu, mu mata muka bi su da ƙoren fura. Ko sanda ba wanda ya riƙe. Ba wanda ya tuna cewa masu gadin ramin baƙi ne, ba su taɓa ganin gayya ba.

Da hantsi aiki ya kankama. Sallau ya kaɗa taken yayana Ila. Ila ya yi kirari, ya cilla fartanyarsa sama yadda samari ke yi. Ba ta kai ƙasa ba aka yi harbin farko.

Ganga ta tsaya. Tsuntsaye suka tashi daga hatsi. Aka sake harbi, wannan karon a jere.

"Ku kwanta!"

"Cikin hatsi! Mata, cikin hatsi!"

Ƙwaryar da ke kaina ta faɗi. Na kama hannun Inna, ta yi ƙara saboda gyambon, ban sake ta ba. Muka kutsa gona. Ganye yana yankar mini fuska. Daga wajen gari muka ji kukan moto, baburan masu gadi, sannan warin bunu yana ci. Sun sa wuta.

Cikin hatsi ba gabas ba yamma. Muka yi ta gudu, sai ga mu mun koma bakin magudana. Na ji maganar masu gadi kusa, cikin harshen da ban sani ba. Inna ta durƙusa tana salati ba murya. A kowane gefe akwai masu haki, duk sun ɓata kamar mu.

Rana ta take tsaka, sai ganga ta tashi. Daga yamma, wajen hanyar Waca. Kiɗan tashi daga gona ne, wanda ke kiran kowa gida. Hannun Sallau ne, ko a mafarki na san shi. Muka bi. In ya ji mun kusa sai ya ƙara gaba. Kara ya riƙa motsi hagu da dama, mutane na fitowa, duk kunnensu a kan ganga.

Su ma masu gadin suna da kunne.

Mun hango jar hanya ke nan aka yi harbi biyu. Kiɗan ya yanke a tsakiya. Na juya. Inna ta damƙe ni da hannun nan nata mai ciwo.

"Tafi!"

Da la'asar muka shiga Waca. Aka sauke mu a filin lakwal, makarantar boko. Washegari jandarmomi suka raka maza ƙauyenmu, suka dawo da Ila a amalanke, ƙafarsa a karye. Shi ya miƙo mini gangar Sallau, bai dube ni ba.

Rumbunanmu sun ƙone. Awakin Inna ba a gan su ba. Ila yana tafiya da sanda. Kaka ta zo, ranar da aka sa ta zo ta wuce. In fatar gangar ta yi sanyi nakan fitar da ita rana, yadda yake yi. Masu zuwa gari sun ce tafkin yana nan shuɗi, kuma har yau ba kwaɗo ko ɗaya.