Busar da Ba Ta Zuwa a Tsaye

Ina aji biyar a sakandare a Gummi, ni ne mai busa begila a badujalar makarantarmu. Na ji daɗin matsayin nan ƙwarai, musamman farar hular 'yan badujala, wadda a ganina ta fi yi mini kyau fiye da kowa.

Da damina ta ja baya sai aka ce wasu malamai za su zo daga Gusau su gwada mu. Wanda ya ci za a sa shi a ƙungiyar kiɗa ta ɗaliban jiha, inda ake koyon karanta kiɗa a takarda. Raina ya biya. Aka koya mana waƙar da kowa zai busa shi kaɗai, doguwa mai hawa da sauka. Sai dai gwajin ya faɗo daf da faretin ranar 'yancin kai, malamin badujalarmu kuwa tsohon soja ne da bai san uzuri ba. Kullum bayan la'asar muna fili muna maci har rana ta faɗi.

A gida kuma Inna ta kafa doka. "Wanga ƙaho naka ya hana awakina cin dussa," in ji ta. "In busa kaka so, tahi daji."

Abin da ya rage mini shi ne hanyar makaranta, wadda ta ratsa gonakin gero. Safe da yamma ina tafe ina busa, ƙafafuna na maci da kansu. Akwai wata mai tallar nono da muke yawan gamuwa, har ta haddace waƙar. In na kuskure sai ta waiwayo da ƙwarya a ka ta ce, "Ba hakanan take ba jiya!" Na so wannan hanya, ban taɓa jin nisanta ba.

Ranar gwaji aka ture bencuna gefe a wani aji, na tsaya ƙyam gaban teburin baƙin. Na busa farkon lafiya lau, daga nan waƙar ta ɓace mini ɗungurungum. Na sake, ta sake tsayawa a wuri guda. Tsoro ya kama ni sosai. Babbansu ya buɗe baki zai sallame ni, sai na ji ƙafata ta hagu tana motsi ita kaɗai.

Na ce, "Malam, don Allah a bar ni in yi tahiya."

"Tafiya zuwa ina?"

"Nan cikin aji."

Suka kwashe da dariya, amma ya yi mini nuni da hannu. Na kama maci daga ƙofa zuwa allo, ina juyawa ina dawowa, sai ga waƙar ta zo tun daga kai har wutsiya, ko tuntuɓe babu.

Da na sauke begila, babban nasu yana share hawayen dariya ya ce, "Mun ɗauke ka. Amma mu can a zaune muke busa, sai ka je ka fara koyon zama."