Sawun Baffa a Bakin Kogi

Abubuwan ƙuruciya da yawa sun shafe daga kaina, amma ranar da Baffana ya kama hanyar teku a kan keke, ita kam ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi.

Abin da na fara gani da na dawo daga makaranta a jajibirin tafiyar shi ne keken a kife a tsakar gida, tayoyinsa biyu suna kallon sama kamar jakin da ke birgima. Baffa, ƙanen mahaifina kuma autan Kaka, yana tsugune da gashin kaza a hannu yana shafa wa sarƙar mai. Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, lokacin da mu 'yan matan da ke zuwa elementare a Haɗeja ba mu da yawa. Ni kuwa ko a cikinmu na fi kowa shiru. Idan Malama ta yi tambaya, amsar tana bakina, amma sai in sunkuyar da kai in ƙura wa yatsun ƙafata ido.

"Uwata, kin dawo?" in ji Baffa. "Zo ki murza mini feda in ji kukan sarƙar nan."

Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa shi da Baba suke kirana Uwata, ita kuma Kaka take ce mini Takwara.

Gyaran keke Baffa yake yi a bakin kasuwa. Wani tsohon soja ne ya taɓa ba shi labarin ruwan da ba a hango gaɓarsa ta can. Shi da ya tashi yana ganin kogi yana malale fadama duk damina, yana zaton ya gama ganin ruwa, sai abin ya tsaya masa a rai. Ya ce zai ƙetare kogi ya yi kudu, ya bi ta Azare da Bauchi, ya haye duwatsun Jos, ya yi ta gangarawa har inda ƙasa ta ƙare.

"Ga jirgin ƙasa nan a Malam Madori," in ji Baba. "Mutum da hankalinsa ya ce sai ya taka ƙarfe har Ikko?"

"Yaya, ai shi jirgi ya riga ya zaɓa maka abin da za ka gani. Ni kuwa inda na ga dama nan zan tsaya."

"Inda taya ta ga dama dai," Baba ya ce, amma da murmushi. Ya riga ya yi masa addu'a.

Yinin ranar matan gida suka yi ta haɗa guzuri. Wannan ta kawo ƙuli-ƙuli, waccan dakuwa, maƙwabciyarmu ta aiko da bandar kifi da zai ci da mutum wata guda. Aka yi ta ɗorawa a bayan keken har gabansa ya ɗaga sama ya faɗi rigingine, garin gero ya watse, kaji suka yi biki. Kowa na dariya. Kaka ce kaɗai ba ta yi ba.

Na san dalili, domin a ɗakinta nake kwana. A ƙarƙashin gadonta akwai wata 'yar tukunya mai ƙunshe da tsummoki a ƙulle. Duk wanda zai yi doguwar tafiya daga gidanmu, idan ya fita, Kaka takan ɗebi ƙasar sawunsa na farko a ƙofar gida, ta ƙulle ta ajiye. Sai ya dawo take kwancewa ta watsar. Haka ta ga uwarta tana yi tun zamanin fatake. Ba a gaya wa matafiyi, ba a kuma zancen. Mutum ɗaya ne ba ta ɗebi nasa ba, wato ɗanta na fari, yayan su Baba, wanda aka ɗauka soja. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko leƙowa ranar da ya fita, har yara suka tattake wurin. Ya tafi Bama, bai dawo ba. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, amma na sha ganin tana leƙa tukunyar nan ta daɗe tana kallo.

Da sassafe na ga ta fita da tsintsiya da ƙoƙon ruwa. Ta share ƙofar gida fes, ta yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan don ƙasar ta yi laushi, sawu ya fito sosai. Ba wanda ya kula sai ni. Sannan ta koma ta tsaya a bayan ƙyauren zaure.

Abokan Baffa suka cika unguwa. Ya durƙusa gaban Kaka, ta ɗora masa hannu a ka ta ce, "Allah ya tsare, Allah ya sa ka dawo ka same mu." Ya turo keken cikin zaure. Saura taki ɗaya ya fita, sai wani a waje ya ɗaga murya:

"Haba gwani! Mai zuwa teku ne zai fito yana tura keke kamar mai tallan manja? Hau mana!"

"Hau! Hau!" sauran suka amsa.

Baffa ya yi dariya, ya ɗare sirdi tun daga cikin zaure, ya sunkuyar da kai don kada ya bugi ƙofa, ya fice yana kaɗa ƙararrawa. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A kan wurin da Kaka ta share, ba abin da ya bari sai wani siririn layi na taya, shi ma kafin ƙiftawar ido yaran da suka bi shi da gudu sun tattake shi.

Da ƙura ta lafa, Kaka ta fito a hankali. Ta tsuguna, ta kai hannu, ta rasa inda za ta ɗiba. Tsumman da ta tanada yana hannunta na hagu, na ga tana murza shi.

"Takwara," ta ce ba tare da ta dube ni ba, "tafi makaranta, kada ki makara."

Muryar ba tata ba ce. Na ɗauki allona na fita. Amma da na isa mararrabar da ake juyawa zuwa makaranta, sai ƙafafuna suka yi kudu. Na tuna na ji Baffa yana cewa ruwa bai gama janyewa ba, sai mai fito ya haye da shi. Idan jirgin yana can ƙetare, dole ya jira.

Ban taɓa yin gudu irin na ranar ba. Na fita daga gari, na bi kan kunya tsakanin gonakin shinkafa da ta fara ja. Balbelu suna tashi gabana, bado ya rufe kududdufai, wani masunci da ke iyo a kan gorar kamun kifi ya bi ni da kallo. Ƙaya ta soke ni ban tsaya ba.

Na same shi a bakin fito, abokansa sun koma, yana tsaye cikin maza masu jiran jirgi. Na laɓe bayan wata tsamiya na fara neman sawunsa a ƙasa, don in ɗiba in gudu ba wanda ya sani. Amma laka ce duk an dame ta, ƙafar mutum, kofaton jaki, na shanu, ban iya ware nasa ba. Jirgin kuwa ya riga ya iso.

"Kai mai gyara," in ji mai fito, "dokin nan naka ya saba da ruwa, ko sai an ɗaure masa ido?"

"Ba ya harbi, Baba, ba ya kuma cin dawa. Kama mini gindinsa."

Suka ɗaga keken suka sa a jirgi. Na ga Baffa ya tattare bakin wandonsa zai shiga. Ni da ban iya amsa tambayar Malama a gaban yara 'yan uwana ba, ga ni zan ratsa taron maza. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji hannuna riƙe da gefen rigarsa.

"Uwata! Me ya kawo ki nan? Lafiya a gida?"

Kowa ya zuba mini ido. Wani ya ce, "'Yar boko ce za ta bi ka teku, ta riƙa karanta maka allon hanya." Aka yi dariya. Na nuna wani wuri a gefe inda lakar take sumul, ba wanda ya taka.

"Baffa," na ce, muryata kamar ta sauro, "cire takalminka ka taka nan. Da ƙafar dama."

Ya dubi wurin, ya dube ni. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ashe ya sani. Duk ɗan gidanmu ya sani, faɗa ne kawai ba a yi.

"Na hau tun daga zaure, ko?" ya ce a hankali.

Na ɗaga kai.

Sannan ya kwance sabon takalminsa, ya taka lakar, ya danna da dukkan nauyinsa, ya ɗaga ƙafar a tsanake.

"Wannan kuma wane sabon salo ne?" mai fito ya tambaya.

"Uwata ta ce in taka," in ji Baffa. "Kai in taka uwar ta ce ka taka, tambaya kake yi?"

Ya juya da sauri ya shiga jirgi, yana goge ido da hannun riga kamar wani abu ne ya faɗa masa. Na tsaya har suka kai tsakiyar kogi, ya kaɗa mini ƙararrawa sau ɗaya. Na sami sakaina na yanko sawun daga ƙasa, na naɗe a ɗankwalina.

Na tarar da Kaka a kwance ta juya wa ƙofa baya, furar safe ko taɓawa ba ta yi ba. Na ajiye ƙunshin a gabanta na kwance. Diddigen ya farfashe a hanya, amma yatsun suna nan. Ta tashi zaune, ta kai fuskarta kusa, ta ɗora yatsa a kan gurbin ƙaramin ɗan yatsan da ya karkace.

"Nasa ne," ta ce. "Da shi aka haife shi." Sai ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta jawo ni jikinta. "Ke da ko sallama sai an kasa kunne ake ji, ke ce kika shiga cikin maza?"

Baffa ya je ya dawo bayan watanni, ya rame ya yi baƙi, ɗauke da kwalbar ruwan teku. Kaka ta ɗanɗana ta ce wanda ya dafa shi ya cika gishiri. Na girma na san Allah ne mai kai matafiyi ya dawo da shi, ba ƙasa a tsumma ba, kuma ina jin ita ma Kaka ta san haka. Amma mai jira yana bukatar abin da zai riƙe a hannu. Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, sai dai idan ta hana ka yi wa wanda kake ƙauna abin da ya kamata a lokacinsa, takan bar maka ciwon da ba ya warkewa. Kaka ta ɗauki irin wannan ciwon shekara da shekaru, ban so ta ƙara wani ba.

A ranar da na kawo sawun dai, hantsi ya riga ya dubi ludayi, rigar makarantata duk laka, ga Malama da bulalarta suna jirana. Kaka kuwa ba ta taɓa taka harabar makarantar boko ba, cewa take wurin Nasara ne. Na ɗago kai daga jikinta na ce:

"Kaka, don Allah ɗauki mayafinki ki raka ni. Ki gaya wa Malama ke kika aike ni."