Shekarar da Muka Ɓoye Agana

Akwai abu ɗaya da nake so a ce ban yi ba, kuma tun da ƙarfina ya ƙare na zauna wuri ɗaya, shi yake yawan zo mini. Ban kashe kowa da hannuna ba, ban ci dukiyar maraya ba. Magana ce na yi ƙasa-ƙasa a wurin da ya kamata in ɗaga murya. Karatuna bai yi nisa ba. Na sauke Alƙur'ani, na ɗan taɓa littattafan farko, sai aiki ya ɗauke ni. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi mini uzuri.

Garinmu ƙarami ne mai ganuwa, a kan hanyar da ta tashi daga Tambuwal ta nufi Kebbe. A zamanin ana zaman ɗar-ɗar da mutanen Kabi da ke yamma da mu, masu kawo mana hari. Da zarar an gama kaka, rumbuna sun cika, rafuka sun janye har doki yana iya ƙetarewa, sai kowa ya fara kasa kunne yamma. Ni ne mai tsaron ƙofar kudu, aikin da na gada daga kawuna. In buɗe bayan asuba, in rufe da magariba, in san fuskar mai shiga da mai fita. Ina da ƙuruciya a lokacin, kuma ina jin daɗin yadda mai gari yake kirana da kansa in yana son sanin wanda ya shigo.

Muna da al'ada biyu game da agana, ciwon nan mai ƙuraje da yake kashe wasu, ya makantar da wasu, ya bar wa sauran zanzana a fuska. Ta farko, in ta ɓulla a gari, mai ƙofa yakan zuba toka ta gicciye hanya daga wannan gefe zuwa wancan, ya kafa reshen ƙaya a tsakiya. Matafiyi in ya gani ba ya tambaya, sai ya kewaye. Ta biyu aikin wanzamai ce. Sukan nemi wanda ciwon ya zo masa da sauƙi, su ɗebi ruwan ƙurjinsa, su yi wa mai lafiya 'yar tsaga a dantse su shafa. Mutum yakan kwanta da zazzaɓi, ƙuraje kaɗan su fito, ya yi makonni ba ya iya aikin ƙarfi, sannan ya tashi, kuma ciwon ba ya ƙara kama shi. Akan rasa wani jifa-jifa, amma ba kamar yadda ake rasawa in ta zo da kanta ba. Sai dai tsagar tana son lokaci. In labari ya riga ciwon isa gari, an tsira da yawa. In ciwon ya riga labari, wanzami ba shi da abin yi.

A shekarar da nake magana, wani mutuminmu ya dawo daga fatauci da zazzaɓi, aka ga ƙuraje sun feso masa, sai matarsa, sai maƙwabcinsa. Ban jira kowa ya ce mini ba, na ɗebo toka a madafar gidanmu na zuba a bakin ƙofa kamar yadda na ga kawuna yana yi. Kafin hantsi mai gari ya aiko a kira ni.

Na tarar da shi a zaure tare da liman, kuma da gani sun jima suna ja. Liman yana cewa addini ya hana a shiga garin da annoba take, ya hana na ciki su fita, kuma mutum ba zai kiyaye wannan ba sai an gaya masa. Yana so a bar tokar, a aika Kebbe da Sanyinna da ƙauyukan kewaye, a sa wanzamai su fara tsaga. Mai gari bai musa masa ko ɗaya ba. Abin da ya ce shi ne tokar nan ba Musulmin Kebbe kaɗai ke da idon ganinta ba. A kowace kasuwa akwai mai sayen gero wanda ba gero ya kawo shi ba. In kasuwa ta watse, labari zai kai yamma cewa garin nan ya kwanta. In kuma aka yi wa samari tsaga, wa zai hau ganuwa? Ga shi saƙo ya zo daga fadar sarki zuwa ga dukkan garuruwan iyaka cewa kowa ya zauna da shirinsa a ranin nan.

Ba na so a ɗauki mai garin nan mugu. Yana yaro aka fasa ƙauyensu, aka tafi da mahaifiyarsa da ƙannensa, bai ƙara jin labarinsu ba. Ya san abin da yake tsoro. Kuma bai zauna haka kawai ba. Ya sa an kafa bukkoki a lungun gabas cikin ganuwa, aka kai marasa lafiya, aka sa waɗanda suka taɓa yin ciwon su riƙa jinyarsu, hatsin ma daga rumbunsa ake ɗiba. Yana ganin in an killace su, abin zai mutu a ciki ba tare da kowa ya ji ba.

Ya dube ni ya ce, “Tai ka share tokar nan. Kuma in na ji maganar ga a bakin baƙo, na san ƙofar da ta fita.”

Na ce, “To, ranka ya daɗe.”

Liman ya bi ni da ido har na fita. Na je na share, na jefa ƙayar cikin kwari.

Ranar kasuwa ta zo. Cikin ayarin matan Kebbe akwai yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a can da 'ya'ya ƙanana. Tare da ita akwai maƙwabciyarta, wata dattijuwa mai sayar da zare, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tsohuwar nan tun ina yaro take wasa da ni, tana kirana mijinta. Ranar ta zo da ɗiyarta mai cikin fari, wai za su zaɓi babbar tukunyar wankan jego, domin maginan tukwanen garinmu sun yi suna.

Tun daga nesa ta fara. “Ga mijina mai ƙofa. Yau ma ba ka aje mini komi ba? Miji sai tsayuwa da sanda kamar mai korar tsuntsaye.”

Na ce, “Tsohuwa, ai tun bara na sake ki, kin cika ci.”

“Ka sake ni ka auri wa? Wa za ta ɗauki mai ƙafafu kamar na zalɓe?”

Matan suka yi dariya, ni ma na yi. Ɗiyar tana rufe baki da gefen mayafi. Ina dariyar ina kallon cikinta. Suka wuce ta gabana ɗaya bayan ɗaya, na matsa musu hanya.

Yayata ce ta ƙarshe, ta tsaya gyara gammo. Na kama bakin zanenta na ja ta bayan ƙyaure, na gaya mata a kunne. Na ce ta juya yanzu, kada ta taɓa kowa, kada ta sha ruwan garin.

Ta ce, “Su fa?” Tana nuna bayan matan da haɓa.

Na ce mata umarni ne, in maganar ta fita kaina za a nema. Na ce marasa lafiya suna can gabas a killace, kasuwa kuwa tana yamma, babu abin da zai same su.

“In babu abin da za shi same su, ni don mi zan koma?”

Na dai riƙe ta har sai da ta rantse ba za ta faɗa ba. Ta daɗe tana dubana, sannan ta aika wata mata mai shiga gari ta gaya wa tsohuwar cewa ciwon ciki ya taso mata, ta ɗauki kayanta ta koma ita kaɗai. Da na yi shiru gaba ɗaya, da laifin ya tsaya a kaina. Sai na raba shi biyu na ɗora mata rabi, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Abin da mai gari bai sani ba, ni ma ban sani ba sai daga baya, mutane sun fara ɓoye marasa lafiyarsu don kada a kai su bukkokin gabas. A unguwar magina akwai gidan da aka ɓoye wata mata a ƙuryar ɗaki. Gidan ne tsohuwar da ɗiyarta suka shiga zaɓen tukunya, suka zauna, aka ba su fura. Da la'asar suka fita ta ƙofata, tukunyar a kan ɗiyar, tsohuwar tana ce mini in gaida kishiyoyinta.

Yayata kuwa da ta isa gida ba ta iya zama ba. Ta cika rantsuwarta, ba ta gaya wa kowa ba, amma ta kwashi 'ya'yanta ta kai su wani ƙauye wajen dangin mijinta, inda ta ji akwai wanzamin da ya samo ruwan ƙurji, aka yi musu tsaga. Ta ce wa maƙwabta ziyara ta tafi. Yaran suka yi zazzaɓinsu suka tashi. Da ta dawo Kebbe ta tarar ciwon ya shiga unguwarsu. Ɗiyar tsohuwar ta rasu da cikinta. Tsohuwar ta tashi, amma ido ɗaya ya tafi. An rasa wasu a unguwar, yawanci yara. Wanzaman Kebbe sun yi abin da za su iya, sai dai labari ya zo musu a makare.

A wajen zaman makoki wata mata ta ga tabon tsaga a dantsen ƙaramar ɗiyar yayata, sabo, bai gama baƙi ba. Sai ta kama hannun yarinyar ta juya shi ga sauran matan. Kowa ya lissafa da kansa: ciwon cikin ranar kasuwa, da ziyarar da ba a shirya ba. Ba wanda ya zagi yayata. Sun daina aiko mata yara ɗibar wuta, sun daina kiranta biki da suna, in ta iso rijiya hira ta tsaya. Ƙofar da aka huda a katanga tsakaninta da tsohuwar, wadda suke miƙa wa juna gishiri da daddawa, aka liƙe ta da laka. Kuma ba ta taɓa cewa ƙanenta ne ya ɗaure mata baki ba, don tana tsoron abin da zai same ni.

A garinmu ma ɓoyon bai daɗe ba. Da makara ta fara fita a kai a kai, mai gari da kansa ya ce a mayar da toka, a kira wanzamai. Mahara ba su zo mana ba a ranin nan. Ko shirun farko ne ya kare mu, ko dama ba su yi niyya ba, Allah kaɗai ya sani. Na yi shekaru ina riƙe da wannan ina lallashin kaina da shi. Amma ko a ce mai gari ya yi daidai a kan ganuwa, ni abin da na yi daban ne. Na yarda ciwon yana da haɗarin da zan janye 'yar'uwata, sannan na bar mai ciki ta wuce ina mata dariya.

Sai bayan rasuwar mai gari na iya zuwa Kebbe na shiga gidan tsohuwar. Na same ta tana kaɗi a inuwa, tana juya kai don ta gan ni da idon da ya rage. Na durƙusa na gaya mata duka, na ce yayata ba ta da laifi, ni na sa ta rantse. Ta ci gaba da murza mazari har na zaci ba ta ji ba.

Can ta ce, “Na sani. Ita ba ta iya ƙarya ba, ko ciwon cikin bai yi kama ba. Kai nika jira.”

Na ce ta yafe mini.

“Da ka ce mini, tsohuwa yau kasuwa ba kyau, da na gane. Ba sai ka ambaci sunan ciwon ba. Ni da kai ai mun saba magana a karkace.”

Ta ce ta yafe, domin ita ma tana neman a yafe mata. Ba ta ƙara kirana mijinta ba, kuma ban sa rai ba. Amma kafin in bar garin ta sa jikanta ya fasa lakar da aka liƙe a katanga, ta aika wa yayata ƙullin zare. Yayata ta karɓa ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Sauran matan unguwar sun sauko a hankali, wasu kuwa har suka mutu ba su sauko ba. Shekarun da ta yi a ware babu mai mayar mata da su.

Abin da ya sa na nemi tawada yanzu, fatake sun ce ciwon ya sake ɓulla wajen Sanyinna, kuma na san a wani zaure ana can ana irin jayayyar da na tarar. Masu mulki suna da abin da suke tsoro, wani lokaci da gaskiyarsu. Ina roƙon duk wanda wannan ya kai gare shi, ko ya karanta ko an karanta masa, in ya san akwai ciwo a wuri, ya koma wa shugabansa ya sake roƙo, ya tafi da liman da dattawa, kada ya ce to ya fita kamar yadda na yi. In kuma har zai gargaɗi nasa, ya gargaɗi wanda ya zo tare da nasa. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi a shekarar nan, ya ba masu rai lafiya.