Mai Sabon Maganin Zuciya

A kasuwar Tambuwal, shekarar samun 'yancin kai, Ladan yana kallon wani baƙo cikin farar rigar asibiti da ta yi masa yawa. Shi kuwa Ladan ya baro mahaifinsa kwance a Jabo, ƙafafu sun mutu, numfashi sama-sama.

"Wanga sabon magani na daga Ingila!" in ji baƙon. "Shina gyara zuciya, shina tad da gurgu!"

A ganin Ladan, ko wannan ya taɓa aikin asibiti, bai wuce shara ba. Mutumin ya kurɓi maganin, ya buga ƙirji, sannan ya faki ido ya tofar bayan buhu.

Wata tsohuwa ta miƙo hannu za ta saya. Ladan ya ce, "Inna, bari shi haɗiye tukuna."